Rufewar Maruda da Fannoni Huɗun Haliru

Gwandu,
ranar Asabar.

Zuwa ga ɗana Haliru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka zaune lafiya cikin mota, ba a danne maka ƙafa da buhun albasa ba. Na sa ta ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙulin da innarka ta ɗaure maka, domin na san ba za ku wuce Kalgo ba sai ka kwance shi. Allah Ya tsare hanya, Ya raba direbanku da gaggawa da gyangyaɗi, Ya sauke ku inda kuka nufa lafiya.

Ba labarin gida zan ba ka ba, yanzu-yanzu ka bar shi. Maganar da muka yi a zaure bayan sallar Juma'a ce ta hana ni sakat. Ka karanta mini takardar jami'ar da ta ɗauke ka karatun digiri na biyu na injiniyan kwamfuta, na sa ka maimaita har sau uku don in riƙe. Sun ce kafin su bar ɗalibi ya shiga binciken abin da ransa yake so, sai ya ci kwas aƙalla ɗaya a kowane fanni cikin fannoni huɗu: ginin cikin na'urar, da rubuta mata umarni, da lissafin da ke nuna abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba, da yadda na'urori ke aika wa juna saƙo ta waya. Kana gamawa ka ninke takardar, ka sha toka, ka ce:

"Baba, ni mutumin dalma da waya na. Shekara biyar nay yi ina koyon cikin na'ura. Mi yag gama ni da rubutun umarni? Waɗanga ukun ɓata lokaci na."

Sannan ka ciro wata takarda da ka rubuta wa shugaban sashen, kana roƙon ya ɗauke maka ukun. Ka ce ranar Litinin za ka miƙa ta, in ya ƙi kuma ka bar musu gurbinsu, ka koma shagon gyaran abokinka a Kaduna. Ai kuwa kai da kanka ka karanta mini layin da suka ce ba a ɗauke wa kowa. Ka ga ke nan miƙa takardar nan da ajiye karatun duk abu ɗaya ne.

Na yi shiru, ka ɗauka na yarda. Ban yarda ba, Haliru. Tsoro ne ya kama ni, domin muryata na ji tana fitowa daga bakinka.

Kafin in shiga abin da nake jin kunyar faɗa, bari in gaya maka yadda nake ganin aikin nan naka, don kada ka ce tsohon magini bai san darajarsa ba. Ranar da na je bikin ba ku digiri na farko, ka kai ni wani ɗaki mai sanyi, ka zaunar da ni gaban kwamfuta. Ka taɓa wasu maɓallai, sai ga sunana ya fito da koren rubutu a kan baƙin gilashi, ba alƙalami ba tawada. Ka nuna mini wani faifai wanda bai kai tafin hannuna ba, ka ce littafi guda yana kwance a ciki. Duk wannan na daure, na yi ta gyaɗa kai kamar na saba gani. Amma da ka kwance murfin kwamfutar, ka ɗora yatsa kan wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu da yawa, ka ce mini daga yashi ake tace abin da ake yin sa, sai da tsikar jikina ta tashi. Shekara arba'in ina cuɗa ƙasa da ƙafata, ban taɓa sanin Allah Ya ɓoye lissafi a cikinta ba. Ni na sa ƙasa ta riƙe hatsi, ku kun sa ta riƙe magana. Tun daga ranar, in na ɗebi yashi sai na tsaya na dube shi kafin in zuba. Na dawo gida na ba innarka labari, ta ce rana ce ta buge ni a mota.

To mutanen da suka san wannan sirri, suka zauna suka tsara karatunsa, su ne suka ce fanni huɗu. Abin da ya ƙara ba ni mamaki, Kawu Mamman na Kalgo, ƙanen mahaifiyata wanda ya koya mini gini, ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba, amma shi ma huɗu ya ce.

Ka san sana'ata gina rufewa ce, rumbun ƙasa irin namu na nan. A wurin Kawu, duk wanda ya zo koyo sai ya yi rani huɗu. Rani ɗaya a rami tare da masu haƙar ƙasa, ɗaya wajen jera duwatsu da itacen da rufewa ke zama a kai, ɗaya wajen ɗaga bango, na ƙarshe kuma tare da masu baibaya, wato masu yi mata jinkar ciyawa. Ko kai ɗan cikinsa ne ba ya rage maka ko guda. Ni kuwa Allah Ya ba ni hannu a bango. Tun ina ɗan shekara goma sha bakwai nake murza ƙasa in ɗora, bango ya tashi sumul ba igiya ba ma'auni, manya su tsaya suna kallo. Yabon nan ne ya kumbura mini kai.

Kuskurena na farko a rami na yi shi. Kawu yakan tsinci ɗan ɓarɓashin ƙasa ya ɗora a harshe, ya ce a ɗiba ko a bari. Ni abin dariya yake ba ni. Kwana ashirin na yi a ramin, na ce ciwon baya ya kama ni, na sulale na koma wajen masu bango. Bayan shekaru, da na fara aikin kaina, na gina wata rufewa a Malisa da ƙasa mai kanwa. Kafin kaka ta zagayo bangon ya fara zubar da gari, kaji suna wanka a gindinsa. Allah Ya taimake ni ba a zuba hatsi ba tukuna. Na rushe na sake, mutanen gari suka sami abin tsokanata na shekara guda, shi ke nan. Ban san wanne ne ramin ƙasa cikin kwasa-kwasanka ba. Amma wanda ka ga ya fi ba ka dariya, wanda kake cewa ko yaro ya san wannan, shi za ka fi zuwa da wuri ka zauna a gaba.

Ranin duwatsu na yi shi cikakke, ba don ina so ba, don Kawu ya tsaya a kaina ne. Har yau kuwa ba a taɓa cewa gara ta hau rufewata ko gindinta ya zauna ba, kuma ban taɓa gode masa a kan haka ba.

Rani na huɗu shi ne na ƙi ƙememe. Na ce ni magini ne, ba zan je in zauna ina tsefe ciyawa da Tukur ba. Tukur sa'ana ne, tare muka tashi a Kalgo, shi ya bi baibaya, ni kuma ina ganin aikinsa aikin wanda ya kasa gini ne. Kawu ya kira ni gindin rumfarsa ya ce:

"Umaru, ba cewa nay yi ka zama mai baibaya ba. So nikai ka san abin da mai baibaya ka bukata gare ka, don kak ka gina mai abin da ba shi iya ruhewa."

Na ce, "Kawu, kowa shi yi nashi. In na gama bango, su san wada za su yi da ciyawassu."

Ya dube ni ya ce, "To, tahi." Bai sa mini albarkar gama koyo ba, ni kuma ban tsaya nema ba. Na ɗauki jakata na dawo Gwandu na fara karɓar aiki.

Shekarar da aka haife ka, wani Bafulatani mai noma da kiwo a Maruda, ana ce masa Jaɓɓi, ya aiko a kira ni. Gidansa da na ƙannensa biyu tare suke noma, sun sami gero mai albarka, yana son rufewa ɗaya babba da za ta ɗauke ajiyar gida ukun. Na ce masa zan gina abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar Gwandu. Na kuwa gina. Na buɗa mata ciki har mutum shida ba sa zagaye ta da hannuwa, na kwantar da kafaɗarta don ta ƙara ɗauka, na gajarta wuya. Mutane suka riƙa tahowa daga ƙauyuka a kan jakuna don su gan ta. Ni kaina nakan koma baya in tsaya ina kallo, ina mamakin hannuna.

Tukur aka kira ya yi jinka. Ya zagaya ta sau biyu, ya ja ni gefe don kada mai gida ya ji, ya ce:

"Umaru, wagga kahwaɗa ta kwanta da yawa. Jinka ba ta samun gangare nan, ruwa na zama bisa. Ƙara mata wuya, ko kamu ukku na, in samu inda zan ɗaga."

Ƙara wuyan aikin kwana huɗu ne. Amma zai ɓata mini siffar da mutane ke yabo, kuma gaskiyar magana ban fahimci abin da yake nufi ba, domin ban taɓa riƙe ciyawar baibaya ba balle in san yadda ruwa ke bin ta. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Kai dai yi baibayakka, bar ma magina gini." Ya hau ya yi iya ƙoƙarinsa.

Jaɓɓi ya cika ta da damman gero, ya liƙe baki, ya ce ba za a taɓa ba sai tsakiyar damina, lokacin da ƙananan rumbuna suka ƙare, sabon hatsi kuma bai nuna ba. Ana cikin marka ya aiko mini da safe. Na je na same su tsaitsaye, maza da mata. Na hau tsani na ɗaga murfin. Zafi da wari suka bugi fuskata. Geron sama ya tsira fari fat a cikin duhu, na ƙasa ya zama baƙin taɓo. Tun ruwan farko yake tsatsafowa ta kafaɗar nan, yana bin bango ta ciki. Na sauko. Jaɓɓi bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya dafa bangon da tafin hannu ya ce:

"Magini, gininka na nan tsaye, ko tsagewa bai yi ba. Hatsin na dai babu."

A daminar nan matan gida uku tafasa da rama suka riƙa tsinka suna dafa wa yara. Jaɓɓi ya kaɗa shanun da ya gada daga mahaifinsa zuwa kasuwa, ka kuwa san abin da wannan yake nufi ga Bafulatani. Ƙaramin ƙanensa ya kwashi iyalinsa ya yi kudu, bai sake dawowa ba.

Ga nasihar, ka riƙe ta da kyau. Ba wanda ya ce ka bar dalma da waya. Nan Allah Ya ba ka hannu, nan za ka tsaya. Amma na'urar da za ka ƙera, wani ne zai rubuta mata umarni, wani ne zai haɗa ta da 'yar'uwarta ta waya. Ranar da ɗayansu ya ja ka gefe ya ce abin nan da ka gina ba zai ɗauki nawa aikin ba, me za ka ce masa in ba ka taɓa zama inda yake zaune ba? Ba za ka gane maganarsa ba, kuma mutum in bai gane ba, ga girman kai, tsawa yake yi. Ni gida uku na cuta. Kai ka gaya mini nan gaba irin na'urorin nan ne za su riƙe lissafin magani a asibiti da tafiyar jiragen sama. In na tuna haka sai in rasa inda zan sa tunanina, don ban san gida nawa ke cikin rufewarka ba.

Saura kuskure na uku, wanda ko innarka ba ta sani ba sai yau. Da mutanen Maruda suka tambaye ni abin da ya faru, na ce jinka ce ta yi yoyo. Ban yi ƙarya a lafazi ba, amma na san inda maganar za ta faɗa. Bango yana tsaye kyakkyawa, ciyawa ta ruɓe, wa za a zarga? Aka daina kiran Tukur aiki a wannan yanki gaba ɗaya, ya tattara ya koma Kalgo. Ni kuma na ci gaba da suna. A ɓoye na riƙa tsawaita wuyan rufewoyina da ka, ban san dalili ba, ban kuma tambayi kowa ba, don kada a ce Umaru Magini yana tambayar mai ciyawa. Kawu ya rasu bai taɓa ta da maganar ba, amma tun daga lokacin in na gaishe shi ƙasa yake kallo.

A gabanka kuma na yi ta bugun ƙirji. Kana ƙarami kana ji ina cewa ni mutumin bango ne, sauran aiki na 'yan taimako ne. Na ɗauka hira nake yi, ashe karatu nake ba ka. Takardar da ke aljihunka ta shugaban sashe, da hannunka ka rubuta ta, amma ni na yi maka shifta. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, kuma ina neman gafararka.

Yau da safe ka tambayi innarka inda na tafi, ta ce ba ta sani ba. Kalgo na je. Na sami Tukur a ƙofar gidansa yana tufka igiya, gashinsa ya yi fari, idonsa ɗaya ya yi yana. Ya ɗago ya ƙura mini mai lafiyar, ya ce:

"Umaru Magini? Mi yak kawo ka? Ko wata ruhewa ta ruɓe?"

Na durƙusa na ce, "Tukur, ta Maruda laihina ta, ba naka ba. Na zo in hwaɗa ma, kuma zan je in hwaɗa ma mutanen Maruda."

Ya ci gaba da tufkarsa ya ce, "Ni na sani tun rannan. Na yahe ma tun ɗiyana na ƙanana, don riƙon ya yi man nauyi. Shi kaɗai yak kawo ka?"

Na ce, "A'a. Rani guda Kawu yab bar man ban yi ba. Shi niz zo yi."

Ya yi dariya har da tari. Ya sa aka kawo mini fura, ya jawo ɗan damin ciyawa, ya jingina shi a tsaye da bango ya zuba ruwan buta. Ruwan ya gangara ta kan ciyawar ya zube ƙasa, ya ce in sa hannu a ƙarƙashi, na ji a bushe. Ya kwantar da damin kaɗan, kamar kafaɗar da na gina, ya sake zubawa. Ruwan ya tsaya, ya nutse, ya ɗigo a tafin hannuna. Haliru, duk wannan kafin in kai rabin ƙwaryar furar. Abin da ya ci hatsin gida uku, ya raba Jaɓɓi da ƙanensa, ya kori mutumin kirki daga aikinsa, ya bayyana mini a buta ɗaya ta ruwa. Na zauna ina kallon hannuna, hawaye suka zubo mini a gaban jikokinsa. Na yi mamakin hikimar da ke cikin ciyawa kamar yadda na yi mamakin wadda ke cikin yashi, kuma duk shekarun nan tana nan a Kalgo, ni ne na ƙi zuwa.

Tukur ya ce in dawo bayan girbi, zai fara ni daga tsefe ciyawa kamar kowane sabon shiga, kuma ba zai rage mini ko kwana ɗaya ba don furfurata. Na ce na yarda.

Ranar Litinin za ka tsaya a ƙofar ofishin nan da takarda biyu, ta roƙo da ta rajista. Ba na kusa balle in riƙe hannunka, kuma kai ba yaro ba ne. Abin da nake roƙo, ka bar ta roƙon a aljihu, ka cika ta rajistar da fannoni huɗun duka. Ka zauna cikin waɗanda suka fi ka a rubutun umarni, ka ji yadda rashin sani yake, ka ɗaga hannu ka yi tambaya ko da za a yi maka dariya. Kai wata tara aka nema a wurinka. Ni na ƙi ba da rani ɗaya, na biya da shekara kusan talatin, kuma ba ni kaɗai na biya ba.

In ka samu zama ka rubuto mini, ka gaya mini yadda na'ura ke gaishe da 'yar'uwarta ta waya, da irin kalmomin da tsoho zai gane. Ni ma zan rubuto maka yadda ake ɗaure layin farko na jinka, in Tukur ya yarda na kai nan.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da malamai masu tsanani irin Kawu, Ya ba ka kunnen da ban samu ba. Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin yabo, Ya sa abin da hannunka zai ƙera ya zama amfani ga mutanen da ba za ka taɓa gani ba, Ya dawo mana da kai muna raye. Innarka tana sa maka albarka, ta ce kada ka cinye ƙuli-ƙulin kafin Yawuri.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Umaru Magini,
sabon ɗalibin Tukur mai baibaya.